Heluma Ntim da Ma'aikatansa Masu Rarrafe

Duk wanda ya taɓa cin abinci a masaƙar bakin kogi ya san Heluma Ntim, ko yana so ko ba ya so. Shi ne mai usur a wuya, wanda ke tsayawa bakin ƙofa da safe tumbi a gaba, ya dubi agogo, ya dubi ma'aikata, ya girgiza kai. Bai taɓa saƙa ko kamu ɗaya na yadi ba, amma in ka same shi a mashaya da yamma sai ka rantse shi ya kafa injinan da hannunsa, Turawa na miƙo masa sufana. Da kamfani ya fara rage mutane, shi aka ɗora wa kai saƙo, ya kuwa riƙe aikin hannu bibbiyu. Sai ya tare mutum, ya dafa masa kafaɗa, ya sassauta murya ya ce, "Kamfani ya gode da hidimarka. Ƙofa tana hagu." Rabin magidantan unguwarmu da wannan magana suka dawo gida. Ran da aka gama da kowa, manaja ya kira Ntim ofis, ya dafa masa kafaɗa, ya maimaita masa ita ba ragi ba ƙari.

Gidan kamfani ya tafi tare da aikin. Ntim mutumin Kumasi ne, amma komawa can hannu rabbana, bayan shekarun da ya yi yana aika wa dangi hotonsa a kan kujerar manaja, wannan kam ba ta taso ba. Sai ya kwaso akwatinsa da usur ɗinsa da wani gwangwanin jan rini da ya ce yana ajiye wa kamfani ne, ya biyo matarsa Mamle gidan uwarta a nan Somanya.

Uwar, Yomo Padiki, tsohuwa ce mai sana'ar duwatsun wuya, irin waɗanda ake daka kwalba a gasa a tanderu. A bakin turmi suka same ta, ba ta kuma fasa dakan ba.

"Ɗakin baya naku ne," in ji ta. "Amma gidana ba masaukin baƙi ba ne. In damina ta kankama za a yi taron cikar shekara da rasuwar maigidana, dangi duka za su zo. Ran nan ina so in nuna ka in ce ga mijin 'yata, ga sana'arsa. In babu abin nunawa, ɗan ƙanena ya daɗe yana neman ɗaki."

"Mama, ni da na riƙe ɗaruruwan mutane a ƙarƙashina..."

"To yanzu riƙe mini rariyar nan."

Ana haka sai gwamnati ta tuna da waɗanda aka sallama. Aka buɗe horon sana'a a zauren coci, aka ɗaura ƙyalle mai rubutu a bakin titi, aka turo wani jami'i, Mista Agbeko, mutum mai fara'a da ƙatuwar jaka, wanda a duniya ba abin da yake so kamar a cika kujeru a ɗauki hoto. An kawo haɗa sabulu, da rini, da gyaran keke, da duwatsun wuya. An kuma kawo kiwon dodon koɗi, wanda wani a ofishin birni ya cusa cikin tsarin bai tambayi garin da za a kai shi ba.

Mu mutanen Kurobo ba ma cin dodon koɗi, ba ma shigar da shi gida. Tun kaka da kakanni haka muka taras. Yaran zamani in sun je birni su suka san abin da suke jefawa a miya, amma a gida irin na Yomo Padiki ko sunansa ba a ambata in akwai abinci a gaba. Ntim ya san wannan sarai, shekara da shekaru yana auren 'yar gidan. Teburin masu dodon koɗi kuwa wayam yake, malamar da aka ɗauko daga Koforiduwa tana zaune tana korar ƙuda.

A layin rajista ya haɗu da Teye, maƙwabcin Yomo ta bayan katanga, ɗaya daga cikin waɗanda ya taɓa dafa wa kafaɗa.

"A'a, Heluma. Ashe kai ma ƙofar hagun ka biyo?"

"Ni ba korata aka yi ba. Ni aka bari in rufe kamfanin."

"Ka kuwa rufe shi da kyau. Me za ka koya? Surukarka na da tanderu, ka ɗauki duwatsu ka huta."

"In daka kwalba, ni?" Ntim ya yi dariyar manya. Ya nuna teburin da ba kowa da leɓe. "Kai Teye, a duk garin nan mutum nawa ke kiwon wancan abu?"

"Ko ɗaya."

"To ka gani. Kasuwa ce ba abokin gasa."

"Ba mai saye kuma."

"Wannan tunanin leburori ne. Shi ya sa kai aka fara sallama. Je ka dama sabulunka."

Malamar ta ji daɗi ta sami ɗalibi, amma daɗin bai kai ko'ina ba. Ta nuna masa irin ƙasar da ake zubawa, da ganyen gwanda da na gwaza da ake ba su, da yadda ake yayyafa ruwa. Sai Ntim ya ɗaga hannu, duk da shi kaɗai ne a ajin, ya tambayi yadda ake gane namiji da mace. Ta ce kowane ɗaya shi ne namijin shi ne macen.

"Malama, a ina kika yi karatu?"

"Haka Allah ya yi su, Baba."

"Na shekara ina raba sashen maza da na mata a masaƙa, ba yarinya za ta ruɗe ni ba." Ya tattara biro ɗinsa ya fice. Washegari ne aka yi darasin rufe akwati da ragar waya, ita kaɗai ta zauna da ragarta. Ranar rufe horo kuwa ya dawo da kwat, aka ba shi takardar shaida kamar kowa, don Mista Agbeko ba ya son hoto da giɓi. Aka haɗa masa da buhu guda na iri, ya ɗauko shi ta bayan gari.

A bayan ɗakinsu akwai wata tsohuwar rumfar itace da aka daina amfani da ita. Nan ya kafa kamfani. Ya harhaɗa akwatuna da ruɓaɓɓen katako da kwali, ya rufe su da tsumman buhu, ya ware manya ya ce maza ne, ƙanana ya ce mata. Ya buɗe gwangwanin jan rinin nan ya rubuta a ƙofa: Ntim da 'Ya'yansa Maza. 'Yarsa ɗaya ce a duniya, Naki, tana makarantar kwana. Da ya ga rinin ya yi saura, sai ya tuna kamfanin kirki ba ya barin ma'aikaci ba shaida. Ya zauna ya ɗauki dodon koɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya zana wa kowane babban harafin N a bayan katantanwarsa. Rinin masaƙa ne na asali, wanda shi da bakinsa yake cewa ko kogi aka jefa shi ba ya zuba.

Ga mutanen gida ya ce naman kaza yake nomawa, mai son duhu, wanda ba ya son idon mace.

Kullum da safe sai ya shiga ya busa usur. Su kuwa bayin Allah da rana suke barci, kowane ya shige ɗakinsa ya rufe. Ntim ya yi ta zagaye akwatunan hannu a baya, yana faɗin a zamaninsa da tuni an yanke musu albashi.

"Mijin Mamle," Yomo ta kira shi wata safiya, "naman kaza ne ake busa wa usur?"

"Sabon ilimi ne, Mama. Yana sa shi saurin tashi."

"Uhum. Gwandata kuma fa? Jiya da ganyenta, yau ta zama sanda."

"Akuyar Teye ce, Mama. Na sha gaya masa."

Kan Teye ya ɓullo ta saman katanga, hannunsa duk kumfar sabulu. "Yomo, ina kwana. Akuyata ba ta hawa tsani. Wanda na gani a kan tsani da asuba tumbi gare shi."

"Akuyar zamani ce," in ji Ntim. "Kai dai ka ɗaure dabbarka."

Mamle ta gano gaskiya ranar Lahadi, da ta ɗauko takalmin cocinta ta tarar wani ya riga ta shiga. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauki takalmin da yatsa biyu, ta kai wa mijinta har gado.

"Baban Naki, naman kazan naka ya fito da ƙaho."

"Sassauta murya. Wannan jari ne."

"Jarin ne a takalmina? Ka san gidan wa kake kuwa?"

"Kafin taron nan zan kwashe su kaf in sayar, in shigo da kuɗi. Kuɗi ai ba shi da ƙaho. Za ki ga uwarki tana kirana ɗana."

Ta daɗe tana kallonsa. Tsoro ne ya kama ta, da kunya, da gajiyar shekarun da ta yi tana gyara ɓarnarsa a bayan fage. "Ka ji ni da kyau, Heluma," in ji ta, kuma in ta kira shi Heluma to ba wasa. "Na bi ka gidan kamfani, na sha usur ɗinka shekara da shekaru. Amma in aka kore ka daga gidan uwata a kan wannan ƙazanta, kai kaɗai za ka fita."

Ya ce mata ba su san harkar masana'antu ba.

Ranar kasuwa ya zuba kaɗan a jaka ya nufi tasha, wurin Anti Maku mai sakwara da miya. Ya jira layi ya ragu, ya matso kusa da tukunya, ya buɗe bakin jakar kaɗan.

"Anti, ina da kaya na musamman. Ke kaɗai zan ba a garin nan."

Ta leƙa. Ta dube shi. Ta ɗauko muciya.

"A gaban tukunyata? Kana so a ce miyar Maku da abin nan ake yi?"

"Ki tsaya ki ji farashi..."

Farashin a gadon baya ya ji shi. Ya ruga wurin masu mota ya ce to a kai shi Koforiduwa, can ai ana ci. Direban farko ya shinshina jakar ya ce motarsa ta cika, alhali mutum biyu ne a ciki. Na biyu ya ce shi bai gaji tsiya ba, ba zai ɗauki abin da zai sa taya ta fashe a kan dutse ba. Kafin rana ta yi tsaka labari ya zaga tashar, ko ɗan acaɓa ya hango shi sai ya juya kai. Ya dawo gida da jakarsa, ya gaya wa Mamle cewa kasuwa tana nazarin kayan.

Sai ga ƙwai. Akwatin mata ya cika da ƙwai, wannan bai ba shi mamaki ba. Akwatin maza ma ya cika. Ntim ya tsaya a kansu ya yi musu faɗa mai tsawo a kan rashin ɗa'a, ya ce lallai akwai mai tsallaka katanga in ya juya baya. Ƙwan suka ƙyanƙyashe, ƙanana suka fito ba iyaka, ya bi su da tsinke yana ɗiga musu jan rini har idonsa ya yi ja. Gwandar Yomo ta ƙare, ya koma gwazar maƙwabta. Da safe a kan ga wani farin layi mai sheƙi a bangon banɗaki, ya ce gumin siminti ne, duk gidan da aka gina da kyau yana yi.

Da taro ya matso ba ko sisin kwabo, sai ya sake dabara, kuma a ganinsa ta fi ta farko. Ya je ya gayyato Mista Agbeko. Jami'in gwamnati zai tsaya gaban dangi ya yabe shi, a nuna takardar shaida, a tafa, ɗaki ya tabbata. Ya roƙe shi kada ya ambaci sunan dabbar, wai sirrin kasuwanci ne. Agbeko ya ce ba komai, zai ma zo da mai hoto. Yana faɗa yana neman wata takarda a jaka, rabin maganar bai ji ba.

Ranar taro aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi ya ɗauke, gari ya yi luf, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Aka kafa rumfuna a tsakar gida, aka jera kujeru, aka ɗora babban hoton marigayi a kan tebur. Dangi suka cika gidan cikin fararen zannuwa, mata na tuƙa tuwon banku a gefe, ana soya kifi. Ntim ya yafa zanen kente na aro, ya rataya usur, ya naɗa kansa mai tsara zama. Bai leƙa rumfar baya ba, don manaja ba ya shiga sashen aiki da kayan biki. Da ya leƙa da ya ga kwalin ya narke, katakon ya buɗe baki, tsumman buhun yana kwance a ƙasa.

Dodon koɗi na farko a ƙafar kujerar wata gwaggo ya hango shi, yana hawa a natse. Ntim ya sunkuya kamar mai gaisuwa.

"Gwaggo, sannu da zuwa, ya hanya?" Ya cafke shi ya cusa a hammata, ƙarƙashin zane.

"Yaron nan akwai ladabi," in ji gwaggon.

Na biyu yana kan tulun ruwa. Na uku a jikin sandar wani tsoho. Kente ba shi da aljihu, sai gajeren wandon ciki, shi ma nan da nan ya cika. Ntim ya dinga kewaya taron hannu manne da jiki, yana gaida wanda ya riga ya gaisar, yana sunkuyawa yana tashi, wani sanyi mai yauƙi na bin haƙarƙarinsa. Mamle ta hango tafiyarsa daga wurin tukwane, ta ajiye ludayi, ta rufe ido.

Teye ya matso da kofinsa. "Heluma, lafiya kake tafiya kamar mai ƙurji a hammata?"

"Tafiyar manya ce. Matsa."

"Wani babba kuma ga shi can yana hawa rumfa."

Kafin Ntim ya kai ga rumfar aka ce a yi shiru. Numo Odonko, babban dangi, ya miƙe zai zuba wa magabata abin sha. Ya sauke zane daga kafaɗa, ya tuɓe takalmi, ya karɓi kwalba, ya sunkuyar da kai. Ya kira na farko ya ɗiga, jama'a suka amsa. Ya kira na biyu ya ɗiga. Ya zo kan marigayi, ya ce ya zo ya sha tare da 'ya'yansa, gidansa na nan da tsarkinsa yadda ya bar shi. Yana rufe baki wani ƙato ya fito daga ƙarƙashin tebur, ƙaho a miƙe, ya ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasar ba gaggawa, ya hau babban yatsan Numo.

Tsohon nan da ake riƙe wa hannu in zai hau mota, sai ga shi a kan kujera tsaye.

Da ido ya buɗe sai aka ga ashe gidan duka nasu ne. Suna bango, suna igiyar shanya, suna bakin turmin Yomo. Ɗaya ya kai tsakiyar hoton marigayi ya tsaya daidai kan hancinsa. Wata mata ta ɗaga murfin kwanon banku ta mayar da sauri. Gwaggon ɗazu ta taɓa ɗankwalinta ta ji abu, ta yi jifa da shi har cikin man kifi. Kujeru suka kife, yara na dariya ana make su, tsofaffi na tofar da yawu suna kiran sunayen da ba a kira sai an ga masifa.

Ntim ya busa usur.

"Jama'a a kwantar da hankali. Na daji ne. Ruwa ne ya koro su daga dutse, abu ne sananne a kimiyya."

Teye ya sa tsinke ya juya ɗaya. Ya juya wani. Ya ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji. "Ikon Allah. Na dajin bana sun yi makaranta, kowane da harafinsa a baya. Jan nan kuwa kamar na san shi. Yomo, ba irinsa ne a ƙofar rumfar naman kaza ba?"

"Makirci ne," in ji Ntim. "Wani maƙiyi ne ya bi su ya shafa musu. Ni ban taɓa ganinsu ba, na rantse da..."

Ya ɗaga hannu sama zai rantse. Kente ya zame. Abin da ke hammata ya zubo ƙasa tim, tim, tim, wasu suka gangara har gaban Yomo Padiki, wasu suka zauna manne a tumbinsa, kowane da jan N ɗinsa tas, ruwan safe bai rage masa komai ba. Rinin dai na asali ne, a nan Ntim bai yi ƙarya ba.

Yomo ta dubi Numo, Numo ya ce a kwashe su kafin rana ta karkata, kada kowa ya taɓa da hannu. Nan fa manya da yara, masu fararen zannuwa, suka bazu da tsintsiya da sanduna da awartakin tanderu, ana tsinta ana jefawa a babban daro. Maƙwabta suka shigo taimako, don abin ya tsallaka har gidajensu.

Daidai nan motar Mista Agbeko ta tsaya. Ya shigo da jakarsa da mai hoto, ya tsaya a ƙofa, fuskarsa ta washe.

"Kai, madalla. Ka ga abin da muke faɗa wa na sama ba sa yarda. Mutum ɗaya muka horar, ga shi ya sama wa unguwa guda aikin yi. Ɗauka, ɗauka, kada su miƙe." Ya ratso ya kama hannun Ntim yana girgizawa. "Ɗalibinmu na ɗaya a kiwon dodon koɗi. Na ɗaya kuma shi kaɗai." Ya juya wurin Yomo ya rusuna. "Mama, ke ce kika ba shi fili a gidanki? Irinku ƙasa ke nema. Ki matso a ɗauke ku tare, ki riƙe guda a hannu."

Wani abu ya motsa a fuskar Ntim. Tumbinsa a waje, yauƙi har gwiwa, amma jin an ce na ɗaya sai ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya gyara tsayuwa, ya ce wa mai hoto ya wanke masa biyu, zai aika Kumasi.

"Mamle," in ji Yomo a hankali, "ɗauko masa akwatinsa."

Mamle ta shiga ta fito da shi, ta ajiye a gabansa. Kayansa ne kaɗai a ciki. Ta koma ta tsaya bayan uwarta, idonta ya cika, amma ba ta matsa ba. Sai a lokacin Ntim ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a ofishin manaja.

"Mama, a yi haƙuri a duba. Kin ce in nuna sana'a, ga jami'in gwamnati ya shaida. Matsalar sufuri ce kawai. Mamle, gaya mata."

"Na riga na gaya maka nawa," in ji Mamle.

Tsohuwar ta tako har gabansa, tana kauce wa abin da ke ƙasa. 'Ya'yan ƙawayenta da yawa sun dawo mata da wata magana daga masaƙa, ta daɗe da haddace ta. Ta yi ɗage, don ya fi ta tsawo, ta dafa masa kafaɗa, ta sassauta murya.

"Gida ya gode da hidimarka."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙaci ƙarasawa ba.

Samari biyu suka naɗe hannu da tsumma suka ɗora masa daron a ka. Hannu ɗaya ya tallafe daro, ɗaya ya ɗauki akwati, usur na lilo a wuya ba hannun busawa. Mota kuwa ya san ba mai ɗaukarsa, sai dai ƙafa har ya fita ƙasar Kurobo. A bakin ƙofa ya waiga.

"Dama ina da niyyar buɗe reshe a Kumasi," in ji shi. Muryar ba ta fito yadda ya so ba.

Ya fito titi. Hayaniyar ta riga ta fito da unguwa, kowace ƙofa da mai tsayuwa, yawancinsu mutanen da ya taɓa dafa wa kafaɗa ne, wannan da kumfar sabulu a hannu, wancan da baƙin mai na keke. Wani daga cikin ma'aikatansa masu rarrafe ya hau bakin daron, ya leƙo, ya gangaro a hankali ya zauna masa a goshi, jan harafinsa na kallon jama'a, shi kuwa ba hannun cirewa. Ya kai mararraba ya tsaya, yana tunanin ta ina hanyar Koforiduwa ta fi kusa. Ba wanda ya yi dariya. Teye ne ya fara ɗaga hannu, sannan na kusa da shi, sannan layin gaba ɗaya, kowa ya nuna masa hagu.